Jirgin da Aka Ɗinke Cikin Fata

Mahaifina sojan ruwa ne, kuma mutumin Bakura ne. Mutanen garinmu ba su taɓa yarda waɗannan abubuwa biyu sun haɗu a jikin mutum ɗaya ba. Ruwan da muka sani shi ne gulbi, wanda da rani jaki ke ƙetare shi bai jiƙa cikinsa ba. To wai a ce ɗan garin nan ya yi yaƙi a kan ruwan da ba a hango gaɓarsa. Idan ya wuce majalisa sai tsararrakinsa su ce ga sojan da bai taɓa taka filin daga ba, ga wanda ya yi yaƙi da kifi. Shi dariya yake yi ya wuce masallaci. Ni ce ba na dariya, don tun ina ƙarama ban gaji haƙurinsa ba, zuciyar Inna na ɗauko, kuma ita ko tukunya ta ƙi tafasa sai ta gaya mata magana.

Yadda abin ya faru ba wani abin mamaki ba ne. Yana saurayi ya bi fataken shanu zuwa Legas, yaƙin basasa ya tarar da shi can, ana ɗibar mutane. Aka tambaya wa ya iya iyo, ya ɗaga hannu, saboda ya saba faɗawa gulbi da damina. Shi ke nan aka aske masa kai, aka ba shi farin kaya, aka tura shi cikin wani ƙaramin jirgi.

Jirgin tsoho ne, na hannu aka sayo daga Turawa, ya riga ya ci wani yaƙin a ƙasarsu kafin ya zo namu. Babbar bindiga ɗaya gare shi a gaba, da ƙanana a baya, mutanen cikinsa kuwa Baba ya ce duka-duka ba za su cika sahu biyu a masallacin unguwarmu ba. Aikinsa rakiya. Manyan jirage su ɗauko sojoji da shinkafa da harsasai da mai daga Legas, su bi gefen teku zuwa bakin kogunan da ake yaƙi, shi kuma yana gefensu yana sintiri. Idan an zo shiga kogi, shi ake turawa gaba. Dalili kuwa a bayyane yake, in akwai abin da aka binne a ruwa, ko wani ya laɓe cikin itatuwan gaɓa, gara ya fara da ƙaramin. Haka suka yi ta yi har yaƙi ya ƙare, su kai waɗannan, su dawo da masu rauni, su ɗauki wasu.

Aikin Baba a ciki shi ne auna zurfin ruwa. Yana tsayawa a goshin jirgi da doguwar igiya mai dalma a bakinta, ya wurga, ya jawo, ya ɗaga murya ya gaya wa kyaftin zurfin gaba nawa ne, wato awon buɗin hannu biyu. Abin da ya fi ba shi dariya shi ne Turawa ma da gaba suke auna ruwa, kamar masu haƙar rijiya. Bayan ya dawo gida kuwa duk wanda zai yi yasar rijiya a unguwarmu sai ya aiko a kira shi. Wannan kaɗai ne amfanin da garin ya yarda sojan ruwa yana da shi.

Da aka gama yaƙi sai aka ɗaure jirgin a wata tasha, tsatsa ta ci shi, daga baya wani abokin aikinsu ya aiko masa da labarin an yanka shi an sayar da ƙarfen. Ban ga ya yi kuka ba. Ya dai ƙi cin tuwo ran nan, Inna tana ta mita wai mutum ya yi wa tulin ƙarfe zaman makoki.

Sai littafin.

Littafi ne mai baƙin bango, mai kauri, gefensa duk ya yi launin ƙasa saboda gishirin ruwa da hannu. A cikin jirgin ya fara rubuta shi. Baba bai yi boko ba, allo ya yi, don haka da ajami ya rubuta, ba wasali ko ɗaya, da wani irin hannu mai kama da sawun kaji. Kalmomin aikin jirgi kuwa na Turanci ne, sai ya riƙa zuba su da baƙaƙen Larabci yadda kunnensa ya ji su. Kowace tafiya shafi guda. A sama ya zana gidaje-gidaje, kowane gida jirgi ne, bisa tsarin da suka jera, wane na gaba, wane na tsakiya, me ya ɗauko. Nasu jirgin ɗan da'ira yake yi masa a gefe. Kewaye da zanen ya jera lambobin zurfin ruwan da ya auna, a ƙasa kuma ya rubuta abin da ya faru a tafiyar.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yansa, Yaya da ni. Yaya tun yana ƙarami gona da kasuwa ne a ransa, da Baba ya ɗauko zancen jirgi zai tuna akwai akuyar da bai ba dusa ba. Ni ce ake kamawa. Yakan zaunar da ni a zaure da hantsi, ya buɗe shafukan farko, ya sa yatsa yana karantawa ina bi, har na gane hannunsa. A duniya, bayan shi, ni kaɗai ce ke iya karanta littafin nan. Ina faɗin haka ba don alfahari ba, don a san girman abin da na yi ne.

Labaran da yake bayarwa da baki kullum iri ɗaya ne. Yadda ya yi amai kwana uku a tafiyar farko. Yadda suke neman alƙibla jirgi yana juyawa. Wani kuku ɗan kudu da ya koya masa cin garin rogo da ruwan sanyi. Yadda ake harbinsu daga cikin itatuwa harsashi yana faɗawa ruwa. Kuma kullum da magana ɗaya yake rufewa.

"Dut yaƙin nan ba a taɓa mu ba. Wanda munka raka ya isa, mu ma mun komo. Amma in anka iso, manyan jirage ka samun tarba. Mu sai mu juya mu ɗauko wasu."

Wannan maganar ta ba a taɓa mu ba, kowa a Bakura ya haddace ta. Masu yi masa ba'a ma sun haddace.

Na yi aure a Talata Mafara, na zama malamar firamare. Tun daga lokacin duk zuwan da zan yi gida sai ya yi mini roƙo ɗaya.

"Ɗiyata, ki zo ki zamna ki maishe min littahin ga boko. Jirgin ya tahi, mutanenai sun ƙare. In nim mutu ba wanda ya san an yi shi. Ko mutum guda ya karanta, ya ishe ni."

"In anka yi hutu, Baba."

Sharaɗinsa ɗaya ne, littafin ba zai bar gidan ba, sai dai in zo in zauna a gabansa in kwafa. Na riƙe wannan sharaɗin na mai da shi hujja. Hutu ya zo, na ce ciki gare ni. Wani hutun ya zo, na ce goyo. Wani, jarrabawar yara. Daga baya da hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga sai na sami hujjar da ba mai iya musawa. Amma Mafara zuwa Bakura ba nisa ba ne, na sha zuwa biki da suna in kwana biyu. Gaskiyar ita ce labarin ya gundure ni. A raina ina cewa wa zai karanta tarihin jirgin da bai ci gari ba, bai nutsar da kowa ba, sai kai da kawowa. Na ɗauka kuma duk abin da ke ciki na riga na ji shi da baki sau ɗari. Ashe ni da ke jin haushin 'yan majalisa, ra'ayinmu ɗaya da su, ladabi kawai na fi su.

Ya tsufa, ido ya tafi, ya daina roƙon. Na ji daɗin dainawar, Allah ya yafe mini. Ya rasu a ƙarshen wata damina, ana yankan gero.

A al'adarmu akwatin mamaci babban ɗa ke ɗauka ya ajiye. Yaya a lokacin ya daɗe da komawa Maradun, yana noma yana sayar da hatsi. Ranar sadakar uku na tare shi a tsakar gida na tambaye shi littafin.

"Shina nan cikin akwati," in ji shi. "Ba inda za shi."

Kunya ce ta fara cina bayan rasuwar, irin wadda ba ta barin mutum ya ji daɗin abinci. Duk da haka sai da na ƙara watanni. Mai hali ba ya canzawa don an yi mutuwa. Sai bayan ƙaramar salla na sayi littattafan rubutu da biro, na ce wa maigidana zan je Maradun in yi mako guda in sauke nauyin nan.

Ranar kasuwa na tafi, don ita ce ranar da ake samun rakiya. Abin da hanyar ta koma ke nan. Motoci ba sa tafiya ɗai-ɗai, sai a taru a tasha, a jera, sannan wasu mazaje a kan babura su sa mu tsakiya, biyu a gaba, wasu a gefe, wasu a baya. Manoma ne da 'yan kasuwa, ba albashi, bindigoginsu irin na maharba ne da ake ɗurawa. Yaya yana cikinsu, na sani, ya shiga tun da aka tare motar da ta ɗauko hatsinsa aka tafi da direban. Ran nan ba shi ne ya zo ɗaukarmu ba, shi ne zai mai da motocin da yamma.

Ina zaune a matse tsakanin wata mai daddawa da buhun albasa, ina kallon mahayan ta taga. Na lura kusan kowannensu yana da sabuwar laya ta jar fata ɗaure a damtse, iri ɗaya, ɗinki ɗaya. Na ce a raina wani malami ya sami kasuwa. Ban ƙara tunanin komai ba.

Matar Yaya ta tarbe ni da fura. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ta tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya, na tambayi nata, muka yi wa juna ya ƙarin haƙuri. Yaya ya shigo daga kasuwa gab da azahar, muka ɗora wata gaisuwar daga farko. Shi ma jar layar tana damtsensa na dama. Da muka gama na ce na zo ɗaukar littafin Baba, ko in zauna nan in kwafa.

 Ya shiga ɗaki, ya fito da baƙin bangon ya ajiye a gabana kan tabarma. Na ɗauka, na ji ba nauyi. Na buɗe. Babu komai a ciki sai guntayen takarda a jikin zare, inda aka bi da reza aka yanke shafukan.

"Ina cikinai?"

"Mun yi amfani da shi," ya ce, ba ko ɗar. Har da ɗan murmushi, irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran a gode masa.

Ya bayyana mini dalla-dalla. Da ya buɗe akwati ya ga littafin, ya ga gidaje-gidaje da lambobi kewaye da su, sai gabansa ya faɗi. Ya kai wa wani malami a garin. Malamin ya duba, ya ce ai waɗannan hatimai ne, irin zanen da ake yi na tsari, kalmomin da ba Larabci ba ba Hausa ba kuwa sunaye ne na asiri, ba a karanta su a fili. Sai komai ya haɗu a kan Yaya. Mutum ya shiga yaƙi shekara da shekaru, a jirgin da ake turawa gaba, ana harbi, ya fito ko ƙwarzane babu. Ya kuma hana littafin fita daga gida duk rayuwarsa. Me ya rage a tambaya? Ga su kuma suna fita hanya kowane mako da bindigar da ke tashi sau ɗaya. Sai ya tara abokan rakiyarsa. Da yake mutanen suna da yawa, har da na ƙauyuka, aka raba kowane shafi biyu da almakashi, baduku ya naɗe ya ɗinke, aka zuba cikin ƙwarya kowa ya sa hannu ya ɗauka.

"Gadon tsoho na," in ji shi. "Ban ɓoye ma kowa ba, ban karɓi ko sisi ba. Lada tana isa gare shi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na gaya masa maganganun da ƙanwa ba ta gaya wa wanta. Na ce masa jahili, a gaban matarsa. Na ce ba hatimi ba ne, jerin jirage ne, wannan gida shinkafa, wancan gida sojoji. Na ce lambobin zurfin ruwa ne, da ya zauna sau ɗaya a rayuwarsa ya saurari uban da ya haife shi da ya sani. Na ce malamin nan da bai gane abu ba, maimakon ya ce bai sani ba, sai ya ce asiri ne. Na ce abu ɗaya tak tsohon nan ya roƙa a duniya, a karanta littafinsa, shi kuma ya ɗauka ya kulle shi cikin fatar akuya inda ba ido da zai ƙara gani. Matarsa ta ja yaranta ta shige ɗaki.

Ya bari sai da na gaji. Yaya ba mai faɗa ba ne, haƙurin Baba shi ya gada, shi ya sa in ya yi magana take zafi.

"To, ke da kis san karatunai," ya ce a hankali, "shekara nawa yay yi shina jiranki? Ni ban iya ba, nig ga abin da nig gani. Ke kin iya."

Na koma kan tabarma na zauna. 

Ana kiran salla. Ya kwance layar daga damtsensa ya jefo mini kan cinya. Kowa ya san ba a buɗe laya, an ce in aka buɗe ta lalace, kuma na ga hannunsa ya ɗan tsaya kafin ya saki.

"Buɗe ki duba. Tun da munka ɗaura su ba a taɓa ko guda cikinmu ba. In ba tsari na ba, ki hwaɗa min in nik komo."

Ya fita masallaci.

Na roƙi matarsa reza. Fatar ta riga ta yi baƙi ta gefen da ke taɓa jiki, tana warin zufa. Na bi ɗinkin a hankali na farke gefe ɗaya, na zaro takardar, an naɗe ta ƙanana-ƙanana an ɗaure da farin zare. Niyyata in karanta masa shinkafa buhu kaza, ruwa gaba kaza, in ga yadda fuskarsa za ta yi. Da mugunta na buɗe, ba zan ɓoye ba.

Rabin sama ne na wani shafi, daga can cikin littafin, inda ban taɓa kaiwa ba. Ga gidajen jiragen, ga ɗan da'irar a gaba, ga lambobi suna raguwa, alamar suna shiga kogi. Hannun Baba ne, sai dai a nan ya fi ƙanƙanta, ya danne alƙalami har ya kusa huda takardar. Layi huɗu ne a ƙarƙashin zanen. Na karanta su sau uku don in tabbata ba ni ce na ɓata ba. Ya rubuta cewa an buɗe musu wuta daga gaɓar hagu, wani abu ya faɗo a bayan jirgi, mutum biyu suka faɗa ruwa. Kyaftin ya ce ba a tsayawa, manyan jirage suna biye, in suka tsaya duka za a tare a wurin. Igiya tana hannunsa. Ɗaya ce igiyar. Ya wurga wa ɗaya, aka jawo shi. Layi na ƙarshe ya ce, wanda ban wurga wa ba yana kiran sunana, shi ne

Nan almakashi ya bi.

Na juya bayan takardar, wata tafiyar ce daban, lambobi kawai. Na sake juyowa kamar sauran zai fito.

Shekara nawa ina zaune gaban mutumin nan yana ce mini ba a taɓa mu ba. Shekara nawa ina hamma a ɓoye ina cewa na san komai. Ashe bakinsa ya ba mu labarin amai da garin rogo, sauran ya ba takarda, ya kuma yi ta roƙona in zo in zauna a gabansa in kwafa. A gabansa. Sai a lokacin na gane me ya sa littafin ba ya barin gida. So yake in kai wannan shafin yana nan, in ɗago kai in tambaye shi, shi kuma ya samu ya faɗa wa wani kafin ya mutu. Sai kuma wasu abubuwa suka riƙa dawo mini, waɗanda ban taɓa ba muhimmanci ba. Mutumin da iyo ya kai shi soja, ban taɓa ganin ya shiga gulbi ba, ko da damina, ko don wanka. In za mu ƙetare a kwalekwale ƙasan jirgin yake kallo har mu isa.

Kuma wannan rabin shafi ɗaya ne. Littafin mai kauri ne. Ban san me ke cikin sauran ba.

Na leƙa ɗaki na tambayi matar Yaya ko an san wanda ya ɗauki wace. Ta ce ina, ai cikin ƙwarya aka zuba, an cakuɗa. Wasu mutanen nan garin ne, wasu na ƙauyukan hanya, har da waɗanda suka zo daga Garbadu suka karɓa suka raba wa nasu. Na yi lissafin abin da zai ci. In bi mazaje ɗaya bayan ɗaya, mace, in ce kowa ya kwance abin da ya yarda shi ke tsare da ransa, in farke, in gaya masa ba komai ba ne, sannan ya hau babur ya shiga hanyar nan. Ko sun yarda, ni zan iya?

Yaya ya dawo. A waje ana jin ƙarar motoci sun fara haɗuwa, don ana so a kai Mafara kafin rana ta yi sanyi. Ya ɗauko bindigarsa ya jingine a bakin ƙofa, ya tsaya a kaina. Na ɗaga kai na dube shi sosai, abin da na daɗe ban yi ba. Gemunsa ya yi fari. Ya fara ranƙwafawa irin ta Baba. Yana da 'ya'ya bakwai, ƙaramar ba ta daɗe da yaye ba. Kuma tsoro yake ji, na gani a yadda yake kallon takardar da ke hannuna ba ya kallona.

"Mi anka rubuta?"

Gaskiya tana bakina, da zafinta. Ina da haƙƙin faɗinta, kuma Baba yana da haƙƙin a faɗa. Layi huɗun nan su ne kaɗai abin da ya rage na littafin da za a iya karantawa, ga ɗansa a tsaye, ga ni da na iya. In na karanta masa, an sami mutum guda da ya ji. In na karanta masa kuma, zai fita hanya da sanin cewa abin da ke damtsensa labarin ranar da aka taɓa su ne, ranar da ɗan rakiya ya faɗa ruwa aka wuce aka bar shi.

"Addu'a ta," na ce. "Ni ce ban kai wurin ba. Ka yi haƙuri, Yaya."

Ya sauke ajiyar zuciya har kafaɗunsa suka sauka. Bai yi mini gori ba, da ya yi da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ya yi in yi sauri in mayar.

Na naɗe takardar yadda na same ta, na ɗaure da zarenta, na tura cikin fatar. Matarsa ta ba ni babbar allura da zaren buhu. Ni ba baduku ba ce, ɗinkin ya fito a karkace, na soki yatsana sau biyu. Da hannuna na rufe ta, ba wanda ya tilasta ni. Ya miƙo damtse na ɗaura masa.

Ban yi makon ba, a motocin yamman nan na koma. Yana gaba a kan babur, ina hango bayansa duk lokacin da hanya ta miƙe. Muka isa Mafara lafiya. A tasha mutane suka yi ta sauke kaya, 'yan uwa suna tarbar 'yan uwa, shi kuwa ya ɗaga mini hannu daga nesa ya juya, don su koma da sauran haske.

Ban yafe masa ba, in faɗi gaskiya. Malamin nan ma ban yafe masa ba. Amma in na fara jin haushinsu ba na nisa nake dawowa kaina, don su da rashin sani suka yi, ni da sani na yi. Duk ranar kasuwar Maradun ina idar da salla in roƙi Allah ya tsare Yaya da mutanensa, ya kuma sa kada wani ya taɓa farke tasa ya kai wa wanda ya iya karatu.

Na san Baba ya rubuta sunan mutumin nan, don ba ya barin magana rabi. Ya rubuta ko wane ne, da garinsu, wataƙila da dalilin da ya sa ya zaɓi ɗayan. Yana nan a rabin ƙasa na shafin, cikin jar fata, a damtsen wani manomi da ban sani ba, yana kai da kawowa tsakanin Maradun da Mafara, zufa tana cin tawadar a hankali.